Daga Daffo Zuwa Shagon Wayarin: Tsoffin Sojoji da Aikin Wuta a Chikaji

Duk wanda ya koyi aikin wuta a Sabon Garin Zariya kafin 1990, in ka bi salsalar hannunsa, ɗayan gida uku za ta kai ka. Ko dai maigidansa ɗan Reluwe ne, ko ya yi ECN wadda ta rikiɗe ta zama NEPA, ko kuwa daga bariki ya fito. Ni ta bariki na biyo, ba tare da na taɓa sa kaki ba. Wanda ya riƙe hannuna tsohon soja ne mazaunin Chikaji. Mu yaran shago Baba muke ce masa, masu kawo aiki kuma Saje. Irinsa suna da yawa a lokacin, daga Muchiya zuwa Dogarawa har Samaru, amma in ana ba da tarihin lantarki a ƙasar nan ba a cika ambatonsu ba. Ana maganar madatsun ruwa da dokoki da ministoci, a manta cewa wani ne ya hau tsani ya ja wayar ta shiga ɗaki.

Jirgin ƙasa ne ya fara zuwa. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Gari kuma ta tsiro a gefen tasha saboda ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi. A 1924 aka kafa barikin soja na Daffo, inda har gobe ake horar da kurata. Wuta ce ta zo a makare. Legas ta samu tun ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin NESCO ya kama ruwan Kurra yana ba masu haƙar kuza na Jos, a Kano da Katsina kuma En'e ce ta kafa nata injinan. Ta Zariya ta gwamnati ce, a hannun ma'aikatar ayyuka ta PWD, a ƙarshen shekarun 1930, kuma ba ta yi nisa ba: gidajen Turawa, ofisoshi da 'yan wuraren gwamnati. Sauran gari na nan da fitilar ƙwai da aci-balbal. Sai a 1950 aka yi dokar kafa ECN, ta karɓi waɗannan tashoshi da ke warwatse a shekarar da ta biyo.

Abin da ya fara cika Arewa da masu irin wannan sana'a shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun je Bama, bataliyoyi uku na Najeriya kuma suka shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, dalilin da ya sa barikin Daffo ke amsa wannan suna ke nan. Yaƙi irin wannan ba ya yiwuwa da bindiga kaɗai. Ana neman direba, makaniki, mai jan wayar tarho, mai cajin batir, mai kula da injin wutar asibitin daji. Dole ta sa Turawa suka koya wa dubban samari, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Da aka sallame su, wasu suka faɗa Reluwe da PWD, wasu suka zauna a soja suka zama malamai. Waɗannan mazan jiya ne suka koya wa su Baba, kuma daga hannunsu ya ɗauko al'adar da ta fi damunmu muna yara: kullum kafin a rufe shago sai an jera filaya da sukuddireba da tasta a kan buhu an ƙirga, ko da magariba ta yi.

Shi kuwa yaƙin basasa ne ya kwashe shi. Kafin Yulin 1967 sojan Najeriya kimanin mutum 10,000 ne, zuwa Janairun 1970 ya kusa 250,000. Daffo ta riƙa yaye kurata cikin 'yan makonni. Wanda aka ga ya yi firamare, yana iya karanta lambar da ke jikin inji, sai a ware shi a tura shi wajen masu gyara, wato sashen injiniyoyin lantarki da makanikai da ake kira NAEME, wanda makarantarsa ke Auchi a yau. Nan aka tura Baba, aikinsa na farko batir ne. Ya wanke kai, ya auna ruwa, ya jera su a caji, ya rubuta a littafi. Daga nan wayarin mota, sannan injin ba da wuta. Bai cika son labarin fagen daga ba, in aka matsa masa sai ya tashi ya ba ka aiki. Labari guda ne yake maimaitawa: daren da ake yi wa wani tiyata a cikin ajin makarantar da aka mayar asibiti, shi yana waje tsugune gaban inji yana sauraron ƙararsa, ya san in ya tsaya rai ne zai tafi.

Abu biyu yaƙi ya bari a hannun waɗannan mutane, waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Na farko dabara, domin a daji babu kantin kayan gyara, sai ka cire daga mataccen inji ka rayar da wani. Na biyu ƙa'ida, domin a soja in ka tsallake mataki aka gane, gadurum za ka kwana. A kasuwa yanzu masu dabara sun yi yawa. Mai dabarar da kuma ke tsoron ƙa'ida shi ne ya yi wuya.

Bayan yaƙi soja ya tura da yawansu kwas. Suka zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, aji na uku, na biyu, na ɗaya, masu ƙoƙari suka haɗa da City and Guilds ta Landan. Da gwamnatin Murtala da Obasanjo ta shiga rage yawan soja, aka riƙa sakin su kashi-kashi, wasu bayan sun bi ta cibiyar koyar da sana'a ta Oshodi. Suka fito a daidai lokacin da ƙasar ke neman hannunsu ido rufe. An gama madatsar Kainji a 1968, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka haifi NEPA. A farkon 1975 kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata, kowa ya sayi fanka da firij da rediyogaram, gidan da ke da ƙwan fitila biyu ya wayi gari yana neman soket a kowane ɗaki. Ga masana'antu: kamfanin taba na NTC da ya buɗe a Zariya tun 1959, injinan gurzar auduga, maɗaba'ar Gaskiya, rukunin masana'antu na Chikaji, daga baya har kamfanin haɗa mita na EMCON. Kowane ɗaya yana neman wanda zai iya kwana da inji. Manajan ma'aikata in ya ga takardar sallama ta soja mai kyakkyawar shaida, ba ya dogon tambaya. Haka Baba ya yi shekaru yana aikin dare da rana a wata masana'anta, ya sayi fili a Chikaji tun ana noma a bayan gidajen, ya gina ɗaki biyu da zaure, zauren nan kuma shi ne ya zama shago.

A can Samaru wani reshen sana'ar ne ke girma. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake karantar da aikin injiniya a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, ɗalibai suna zana jarrabawar Jami'ar Landan, kafin a mayar da wurin Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962. Waɗanda suka fito daga nan su ne suka riƙe NEPA da ma'aikatun ayyuka na jihohin Arewa. Mutane na son su ce akwai gaba tsakanin mai digiri da mai tsani. Ni abin da na gani ya bambanta. Injiniya ya zo da zane da lissafin nauyin da kowane layi zai ɗauka, abin da Baba ba zai iya yi a takarda ba, kuma bai taɓa cewa ya iya ba. Shi kuma ya ɗora tafin hannu a jikin moto ya ce wannan beyarin ba zai kai Juma'a ba, kuma ba ya kaiwa. Ɗaliban Samaru da ake turowa koyon aiki sukan zo da girman kai a makon farko, a mako na uku ka same su suna riƙe masa fitila. Shi ma wajensu ya fahimci dalilin abubuwan da ya shekara ashirin yana yi da ka. Inda aka yi rashin adalci shi ne wajen matsayi: hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN, da aka kafa a 1970, daga baya ta tanadi rajista ga masu sana'ar hannu da masu fasaha, amma kaɗan ne daga cikin tsoffin sojojin nan suka san hanyar ofishin, sai suka tsufa babu wata takarda ta farar hula da ke nuna abin da suka sani.

Dokar wayarin da suka koya mana ta Ingila ce tsantsa. Ja, rawaya da shuɗi su ne layuka uku masu wuta, baƙi nutural, kore wayar ƙasa. Waya kuwa da tsohon awo muke kiranta: 3/029 ta fitila, 7/029 ta soket, kafin awon milimita ya shigo a koma 1.5 da 2.5. Filogi mai baki uku mai fis na amfiya 13 a ciki, mai zagayen baki na amfiya 15 kuma na na'urar sanyaya ɗaki. Ingila ta sauya launukanta daga 2004, ta koma ruwan ƙasa, baƙi da toka-toka a layukan wuta, shuɗi ya zama nutural. Duba abin da wannan ya jawo mana. A tsohon gida baƙi nutural ne, shuɗi wuta. A sabon tsari baƙi wuta ne, shuɗi nutural. Kasuwa kuma tana sayar da duka biyun. Gidajen Chikaji da aka gina a shekarun 1970 aka yi ta ƙara musu ɗakuna, za ka buɗe akwatin rabon wuta ka tarar da zamani biyu a cakuɗe. Saboda haka nake gaya wa yarana kada su taɓa yarda da launi, su yarda da tasta, ita ma tastar a gwada ta a inda aka san akwai wuta kafin a yarda da shirunta.

Wannan ma daga Baba ne. Kafin a taɓa layi, za a cire fis daga katawut, kuma ba a ajiye shi a kan katanga. A aljihun wanda zai hau tsani yake zama, don kada wani mai son taimako ya mayar da shi. In ya ga yaro ya bar fis a ƙasa, ba ya zagi. Cewa yake yi, "Kai yaro, sauko. Je ka gida ka gaida mahaifiyarka, gobe ka dawo." Kunyar wannan kora ta fi mari zafi.

Sai wayar ƙasa, wadda a kanta ya fi yin faɗa da masu gida. Ƙasarmu ta marmara ce a wurare da yawa, da rani ta bushe ƙamas, ba ta shan wuta. Sai a haƙa rami mai zurfi, a kafa sandar tagulla, a zuba gawayi da gishiri, a bar bututun da za a riƙa zuba ruwa lokacin hunturu. Mai gida ba ya ganin amfanin wannan, tunda fitila na kamawa ko babu shi. Amfaninsa na zuwa ne ranar da waya ta goge a jikin firij, yarinya ta zo da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. In an gama wayarin kuma sai an kawo Megger, wannan mai hannun da ake juyawa, a tura bolt 500 cikin wayoyin a ga ko rufinsu na yoyo. A zamanin ECN da farkon NEPA sai sufeto ya zo ya duba kafin a haɗa gida da layi. Na ga ƙarshen wannan zamani da idona.

Gidan Baba ma a kan agogo yake tafiya. Bayan asuba kowa ya san aikinsa, takalman makaranta a goge tun dare, kuɗin cefane a rubuce a littafi irin wanda yake rubuta awoyin inji. Amma mutumin da ke tsare gira a shago shi ne za ka samu da yamma a tabarma, jika a cinya, yana gyara wa yaran unguwa tocila kyauta. Mama, matarsa, ita ce ma'ajin shago. Ita ke riƙe kuɗi, ita ke ciyar da mu, kuma ita ke sa baki in hukunci ya yi tsanani. Da ya haɗa mata injin niƙa a ƙofar gida, kuɗin niƙan nan ne ya riƙe makarantar yara a shekarun da fansho ya zama labari. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna yadda tsoffin sojoji suka riƙa kwana a titunan Abuja a farkon shekarun 2000 suna jiran bashin haƙƙinsu. Shi ma ya sha zuwa tantancewa da fayil a hammata ya dawo hannu rabbana. Abin da ya raba shi da waɗanda suka tagayyara shi ne sana'a, kuma ya san haka, shi ya sa babu ɗansa, mace ko namiji, da bai iya canza filogi ba kafin ya gama firamare. Burinsa dai su wuce Samaru su yi karatun da shi bai samu ba, wasunsu kuma sun yi.

Abokansa na bariki da suka zauna a Chikaji ba duka Hausawa ba ne. Akwai Tibi, Bachama, mutanen Zuru da na Filato, suna Hausarsu ta bariki, wannan ya tafi masallaci wancan coci, ranar 15 ga Janairu su sa lambobinsu su tafi fareti tare. Aiki ma haka suke raba shi. In ɗaya ya samu kwangilar da ta fi ƙarfinsa, ba ya neman ɗan garinsu, wanda suka yi kwas tare yake aika wa.

Daga 1986 sana'ar ta juya. Manufar tattalin arziki ta SAP ta karya naira, sabon moto ya gagari mai injin niƙa, sai naɗin kwayil ya zama abincinmu. A ƙona tsohon naɗi, a ƙirga zagayen waya, a auna kaurinta, a sake naɗawa, a shafa banish, a gasa. An ƙara Jebba a 1985 da Shiroro a 1990, amma jama'a ta ninka, layuka da taransifomomi kuma ba su ninka ba. Masana'antu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙun Kaduna ma da suke ɗaukar dubbai suka bi sahu. Mu da aka koya wa gina abu mai ɗorewa muka koma masu lallaɓa abin da ke rushewa. Wuta ta zo rabi, moto ya ja fiye da ƙarfinsa ya ƙone. Fis ɗaya ya tashi a taransifoma, moto mai layi uku ya ci gaba da juyi a kan biyu har ya yi hayaƙi. Kowa ya ɗauko gora ya mayar da gidansa kan fes ɗin da ke da wuta, nauyi ya taru gefe guda, taransifoma ta buga, unguwa ta shiga karo-karo. In kuma nutural ya tsinke a kan falwaya, sai wajen bolt 400 ya shiga gidan da aka shirya wa 230, talabijin da firij na layi guda su tafi cikin minti ɗaya.

Mafi muni shi ne janareta. Baba ba ya haɗa wa kowa janareta sai da cenjoba, makunnin da ke raba gida da layin waje gaba ɗaya. Wanda ya ce tsada ya yi, sai ya ce masa ya nemi wani. Dalilinsa a fili yake. In ka cusa wutar janareta a soket ba ka raba layi ba, za ta fita ta bi waya ta shiga taransifoma ta baya, taransifoma kuma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000. Ma'aikacin da ke kan falwaya a wata unguwa, wanda ya tabbata an kashe layi, shi zai karɓa. Har yau ana yin wannan ganganci.

Sunaye sun yi ta sauyawa: PHCN a 2005, sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, Kaduna Electric da ke riƙe da mu ta koma hannun 'yan kasuwa a Disamban 2014, ko da yake yara har yau NEPA suke yi wa ihu in an kawo wuta. An kafa NEMSA a 2015 don duba aiki da ba masu wayarin shaida, abu ne mai kyau, sai dai gidajen da ake haɗawa ba tare da kowa ya duba ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Zariya a layin Kaduna take rataye, Kaduna kuma ta dogara da babban layin Shiroro zuwa Mando mai kilobolt 330. Da aka lalata shi, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi ya faɗi a Oktoban 2024, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu.

Cire tallafin mai a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 da ya kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, su suka tura mutane ga sola. Nan ne ilimin tsoffin sojoji ya sake samun kasuwa bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sola aikin batir ne, aikin wutar DC, abin da suka fara da shi suna kurata. Sun san ba a haɗa sabon batir da tsoho a jere ɗaya, ba a zuƙe batir har ƙasa, kuma a bolt 24 waya mai kauri ake sa wa domin abin da ke gudana a cikinta ya ninka na gida sau da yawa. Wutar NEPA tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, saboda haka tartsatsinta na mutuwa da kansa. Ta DC kuwa kamar kaska take, in ta kama ba ta saki. Duk da haka kullum ina cin karo da bireka ta wutar gida an ɗaura ta tsakanin faranti da inbata, da wayar da aka shafa wa tagulla a waje cikinta alminiyam, da batura a ɗakin kwana ba taga. Samarin da ke wannan aiki ba su da laifin rashin ƙwazo. Da yawansu sun fi mu saurin fahimta, a waya suke kallon darasi, cikin wata uku sun buɗe shago. Abin da waya ba ta yi musu shi ne ta sauko da su daga tsani ta tura su gida.

Kurtun da ya shiga Daffo a 1968 yana ɗan shekara 18, yau ya haura 75. 'Yan kaɗan da suka rage a Chikaji da Muchiya ba sa hawa tsani, amma akwai wanda har yanzu ake kai wa moton da ya gagara, ya saurara, ya faɗi inda ciwon yake. Mu da muka gaje su mun rage abubuwa da yawa don kasuwa ta tilasta. Megger sai babban aiki nake fitowa da ita, mai gida kuma in ya kawo wayarsa da kansa, iyakata in nuna masa bambancinta da ta NOCACO ta Kaduna in bar shi da zaɓinsa. Sandar ƙasa da cenjoba ne ban taɓa sassautawa a kansu ba, kuma a kansu nake rasa aiki kusan kowane wata, domin akwai wanda zai yi ba tare da su ba a rabin kuɗina.